Me ya hana ku ashar da yawan rantsuwa?

Wani malamin makarantar sakandare a Zariya:

Salama gare ku, 'yan'uwa. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san ashar ba ta wuyar samu, domin tana tasha, tana filin ƙwallo, har a cikin gida akan ga uwa ta yi wa ɗanta daƙuwa. Amma akwai mutanen da za ka shekara da shekaru tare da su ba ka ji ta a bakinsu ba, kuma ba don ba sa fushi ba ne. Irin waɗannan nake roƙo su faɗa mana dalilinsu, kowa daga abin da ya gani a rayuwarsa.

Wata uwa, 'yar zumuntar mata a Wusasa:

Malam, na gode da ka kawo wannan magana. A Wusasa aka haife ni, inda mishan ta koma daga cikin birnin Zariya a 1929, kuma a gidanmu da Hausa ake karanta Littafi Mai Tsarki tun zamanin kakanni. Mahaifiyarmu ba ta dukan yaro a kan zagi. Abin da take yi shi ne ta zaunar da shi, ta sa ya karanta sura ta 3 ta wasiƙar Yakubu da ƙarfi, kowa yana ji. A nan ne aka kwatanta harshe da 'yar ƙaramar wuta mai cinye babban jeji, amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne aya ta 9 da ta 10, inda aka nuna cewa da harshe ɗaya muke yabon Ubangiji, da shi kuma muke la'antar mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah, kuma hakan bai kamata ba. Tun daga nan na fahimci cewa laifin bai tsaya a kan munin kalmar ba, ya kai ga darajar wanda aka jefa da ita, ko mai ga-ruwa ne ko almajiri ko maƙwabciyar da ta zubo ruwan wanki a ƙofar gidana. Ba zai yiwu in rera waƙar yabo ranar Lahadi, in kuma wulaƙanta halittar Allah ranar Litinin da baki ɗaya ba.

Da na zama uwa sai na ga cewa wurin da gwajin ya fi tsanani shi ne tsakar gida, ba waje ba. Yaro ya fasa tulu ko ya ɓatar da kuɗin cefane, kalmar da ta fi kusa da baki ita ce "ɗan banza" ko wadda ta fi ta muni. A zumuntarmu mukan tunatar da juna Afisawa 4:29, cewa kada ruɓaɓɓiyar magana ta fita daga bakinmu sai wadda za ta gina mai ji, kuma dukanmu mun san yadda Bahaushe yake tsoron bakin uwa. Saboda haka na saba wa kaina cewa "Allah ya shirye ka" a daidai wurin da zagi zai fito. Fushin yana nan, muryar ma tana tashi, amma abin da ya sauka a kan yaron addu'a ce.

Wani direban adaidaita sahu a Kano:

Mama ta yi magana mai kyau. Ni na shiga wannan sana'a bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, kuma wanda ya taɓa shiga cunkoson Bata ko na 'Yankura da rana tsaka ya san irin abin da ake ji. Abin dariya, sunan keken namu daga shirin gyaran ɗabi'a na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ya samo asali, ga shi kuma mu ne ake yi wa shaidar baƙar magana.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wani hadisi na Buhari da Muslim da na ji a karatun bayan magariba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, da aka tambaye shi yadda mutum zai zagi iyayensa sai ya bayyana cewa zai zagi uban wani, shi kuma ya rama a kan ubansa, ya zagi uwar wani, a rama a kan uwarsa. To, ashar irin tamu ba ta taɓa tsayawa a kan wanda ya goge maka keke ba, kai tsaye take wucewa zuwa ga uwarsa ko ubansa, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tsohuwata tana ƙauye tana yi mini addu'a, ba zan je titi in jawo mata zagi ba. Na kuma ga amfanin abin a aljihuna, domin matan da suke neman wanda zai riƙa kai musu yara makaranta sukan bincika halin direba kafin su tambayi kuɗin wata.

Wani mai sayar da hatsi a Mubi:

Ni nawa ya fi shafar rantsuwa. Ni ɗan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne, wadda aikinta ya fara a Garkiɗa a 1923, kuma masu bisharar da suka kawo ta sun fito ne daga ikilisiyar da aka san ta da ƙin yin rantsuwa, bisa ga Matiyu 5:34-37, inda Yesu ya ce kada a yi rantsuwa sam, i ta zama i, a'a kuma ta zama a'a. A kasuwa wannan koyarwa tana da tsada. Mai saye zai ce in rantse cewa wake na bana ne, ko cewa a kan kuɗi kaza na saro, in na ƙi sai ya ɗauka ina ɓoye wani abu, ya wuce gaba zuwa ga wanda zai rantse masa har sau uku. Na yi asarar ciniki ta wannan hanya, amma waɗanda suka jure suka gwada kayana sun daina neman rantsuwar, kuma su ne suke aiko yara da kuɗi ba tare da sun zo da kansu ba.

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari:

Ɗan'uwana na Mubi, a wannan gaɓa hanyarmu ɗaya ce, ko da yake a wajenmu rantsuwa da Allah a kan gaskiya ba haramun ba ce. Hadisi ya nuna cewa rantsuwa tana sa haja ta tafi, amma tana shafe albarka. A Suratul Ma'ida, aya ta 89, an ɗora wa wanda ya ƙulla rantsuwa ya warware ta kaffarar ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Maigidana da ya koya mini kasuwa yakan ce wa yaran shago su faɗi farashi su yi shiru, kuma har yau a kan haka nake.

Wani Bakatsine mazaunin Kaduna:

Na san da an ambaci ashar idanu za su juyo kanmu, don haka bari in kare kaina. A wajenmu akwai wadda ake yi tsakanin abokai cikin raha, ba ta nufin komai, kuma wanda aka yi wa yakan yi dariya ya rama. Duk da haka, Bakatsinen da ya san kansa ba ya yin ta gaban surukansa ko malaminsa ko sa'ar mahaifinsa, wanda ke nuna cewa mu ma mun san akwai wurin da ba ta shiga. Ni na bar ta gaba ɗaya ne da na fara aikin ofis tare da mutanen wasu garuruwa, saboda abin da nake ɗauka wasa su a kunnensu cin mutunci ne, kuma harshen da ya saba ba ya tsayawa tantance wanda ke gabansa.

Wata ma'aikaciyar jinya a Jos:

Ina so in ƙara wani ɓangare, domin a ɗakin haihuwa nake aiki, inda mace mai kamun kai takan faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ba na ganin laifinta. A 2009 Richard Stephens na Jami'ar Keele a Ingila ya gwada ɗalibai ta hanyar sa su tsoma hannu a ruwa mai tsananin sanyi, ya ga sun fi jurewa idan suna maimaita kalmar batsa. A binciken da ya biyo baya a 2011 kuwa an ga cewa waɗanda suka mayar da ita abincin yau da kullum ba sa samun wannan sauƙi sosai. Abin da ba na yarda da shi shi ne ma'aikaciya ta mayar wa mai naƙuda da zagi, kuma na ga ana yin haka, har a gori mace da yadda ta sami cikin. Mace a wannan hali ba ta da ikon ramawa, ba ta kuma da ikon tashi ta fita. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa haka sukan zaɓi haihuwa a gida a ciki na gaba, da duk hatsarin da ke cikinta, shi ya sa duk ɗalibar jinyar da aka haɗa ni da ita nake fara ja mata kunne a kan bakinta kafin in nuna mata yadda ake awon ciki.