Neman taimako kan tantance suna da adireshin imel a rumbun bayanai

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana. Ina kula da rumbun bayanai na MySQL na wata ƙungiyar manoman auduga a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma gurbin suna ya tsaya mini a wuya. Ƙa'idar da aka ɗora masa ba ta karɓar komai sai haruffan A zuwa Z, don haka tana watsar da Sa'idu saboda alamar da ke tsakiyarsa, tana ƙin Ɗanjuma da duk sunan da aka rubuta da é irin ta Faransanci kamar yadda yake a katin shaida. Na mayar da teburin da ke ɗauke da sunayen zuwa utf8mb4, wato tsarin adana haruffa mai ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, amma ƙ da ɓ suna fitowa a matsayin alamar tambaya. Shin mahaɗin da ke tsakanin PHP (yaren da aka rubuta manhajarmu da shi) da rumbun ne ya rage a latin1, wato tsohon tsarin haruffa da ba shi da ƙ da ɓ?

Game da imel kuwa, na san adireshi ba ya wuce haruffa 254, sai dai ƙa'idarmu tana ƙin mai alamar +, alhali halastacce ne. Ya dace in dogara da filter_var (umarnin PHP mai duba ko tsarin adireshi daidai ne) kaɗai, ko kuwa in riƙa aika saƙon tabbatarwa, ganin yawancin manomanmu ba sa buɗe imel? Allah ya saka da alheri.