Neman shawara: ina ake samun amintattun masu kayan gyaran Pontiac GTO ta 1967?

Baban Khadija (Columbus, Ohio):
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan matsalar da ta hana ni sukuni. Ina da Pontiac GTO ta shekarar 1967, irin tsofaffin motocin Amurka masu babban inji, wadda na saya a hannun matar wani dattijo Ba'amurke da muka yi maƙwabtaka. Wannan dattijo shi ne ya koya mini tuƙi a kan ƙanƙara lokacin da na zo ƙasar nan, shi ne ya raka ni ofishin lasisi, kuma kowace Asabar nakan tarar da shi a ƙofar garejinsa yana goge motar duk da ta daina tashi, yana ba ni labarin yadda ya saye ta bayan ya bar aikin soja. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su da wurin ajiye ta, matarsa kuwa ta ce ta fi son motar ta koma hannun wanda ya san darajarta, saboda haka na karɓe ta duk da uwargidana ba ta so ba.

Tsatsa ta cinye ƙasan but da kewayen gilashin baya da gefen baya na hagu. Na kai ta wurin wani mai walda da fenti, na ba shi kafin alƙalami dala 7,000, amma tun bara motar tana kwance a garejinsa, an cire ƙofofi da kujeru an jibge su a gefe. Ƙarfen gefen da na yi oda ya zo, ya ce bai zauna ba, sai na ƙara kuɗin aiki. Na kuma tura wa wani mutum kuɗin kafireta ta intanet, daga ranar ya daina amsa waya. A ina kuke sayen kayan da za a dogara da su, kuma ta yaya ake gane gareji na ƙwarai?

Alhaji Tsohon Bakanike (Detroit):
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ƙara kashe ko sisi, ka je ka duba lambar motar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba. GTO ta 1967 lambarta tana farawa da 242, idan kuwa ka ga wata lamba daban, to LeMans ce ko Tempest, wasu motocin Pontiac masu kama da ita, aka liƙa wa tambarin GTO, kuma an yi wa mutane da yawa wannan. Bayan haka ka aika lambar ga PHS, masu riƙe da tsofaffin takardun kamfanin Pontiac, za su turo maka kwafin takardar da ke nuna injin da launin da motar ta fito da su daga masana'anta. A wannan shekarar ne aka daina inji mai lamba 389 aka koma 400, aka kuma bar tsarin kafireta uku aka koma guda ɗaya ƙirar Rochester Quadrajet, don haka wanda bai san wannan ba zai sayi abin da ba na motarsa ba.

Game da kaya, Ames Performance a New Hampshire sun keɓanta da Pontiac, OPGI a California suna da kayan wannan jerin motocin GM (General Motors, uwar kamfanin Pontiac), sannan akwai NPD a Florida da YearOne a Georgia, ƙarfen jiki kuma ana neman sa a Auto Metal Direct. Sai dai ka sani cewa Pontiac ta rufe tun 2010, kuma yawancin ƙarfen jikin da ake sayarwa yanzu kwaikwayo ne da ake bugawa a Taiwan, ba wanda zai zauna ba tare da yanka da guduma ba. A wannan kam mai garejinka bai yi maka ƙarya ba.

Baban Khadija:
Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma maganar lamba ba ta dame ni ba, domin na san dattijon nan farin sani, ba mutumin da zai yi mini ƙarya ba ne, kuma ban sayi motar don in sayar ba.

Alhaji Tsohon Bakanike:
Ban ce ya yi maka ƙarya ba. Mota da ta haura shekara hamsin, mai yiwuwa an canja mata inji tun kafin ta zo hannunsa, shi ma bai sani ba. Akwai haruffa biyu da aka buga a gaban injin ta ɓangaren fasinja, ka goge maiƙon ka haska fitila ka karanta mana su.

Maman Sadik (Maryland):
Malam, ni tausayin uwargidanka nake ji, domin abin da ke faruwa a gidanka ya faru a gidana. Maigidana ya kai Mustang ta 1968 wurin wani gareji da aka yabe shi, suka kwance ta, suka zuba ƙusoshi da ƙananan ƙarafa a cikin gwangwanayen kofi ba tare da rubuta komai a jikinsu ba, daga baya mai garejin ya sayar da wurin ya koma wata jiha. Mun kwaso motar a cikin kwalaye, har yau ba mu ga bamban baya ba, kuma kuɗin da muka tara don zuwa gida ganin iyaye ne ya tafi a haka. Ka ɗauke motarka tun yau, kada ka jira.

Ɗan Zinder (Houston):
Yaya, a ganina kuna wahalar da kanku da neman kayan asali. Ka sa mata injin LS na zamani da ake cirewa daga manyan motocin Chevrolet, ka sa birkin faifai a gaba da na'urar sanyaya ɗaki, kayansu suna kowane shago kuma kowane bakanike ya iya su. Tsohon inji yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinki, fetur ɗin yanzu kuma da ke gauraye da itanol yana cinye tsofaffin robobi.

Alhaji Tsohon Bakanike:
Wannan shawara ba ta dace ba ko kaɗan. Idan injin asali ne a cikinta, cire shi zubar da darajar motar ne, kuma robobin mai ana canja su da na zamani cikin yini ɗaya. Haka nan Hajiya, ba a ɗauke mota da gaggawa, domin a dokar ƙasar nan mai gareji yana iya riƙe ta idan ya yi iƙirarin yana bin bashin aiki. Ƙanena, ka faɗa mana, akwai yarjejeniya a rubuce? Gareji na ƙwarai yana rubuta kuɗin aikinsa na kowace awa, yana turo hotuna da rasit duk wata, yana karɓar kuɗi mataki-mataki, kuma ba ya jin haushi idan ka nemi ganin motocin da ya gama da lambobin masu su. Kotun ƙananan ƙararraki ta Ohio ba ta sauraron abin da ya wuce dala 6,000, kuɗinka kuwa ya haura haka. Kafireta kuma kada ka sake sayenta ta hanyar tura kuɗi kai tsaye irin Zelle, wadda ba ta da kariyar mai saye. Ka yi amfani da katin bashi, ko ka je kasuwar tsofaffin kayan mota ta Carlisle a Pennsylvania, wadda ake ci a watan Afrilu da kuma lokacin kaka, ka riƙe abin a hannunka ka karanta lambarsa kafin ka biya.

Malam Na Ƙofar Ruwa (Kano):
Da kuɗin da ka ambata, da ka sa ta a kwantena ka turo mana, domin masu walda na nan suna ƙera gefen mota da hannu daga falankin ƙarfe. Ni ma wani ɗan uwa a can ya karɓi kuɗina zai turo mini mota, har yau shiru.

Baban Khadija:
Malam, ban raina aikin gida ba, amma kayan injinta a nan suke. Alhaji, ba mu rubuta komai ba, saboda wani abokin aikina ne ya haɗa mu, kuma na ga motar da mutumin ya yi wa fenti da idona, aikinsa yana da kyau. Ina ganin aikin inshora, wato gyaran motocin da suka yi haɗari, ne ya yi masa yawa, tunda shi ke kawo kuɗi da wuri. Ba na son in ɓata da shi alhali kayan motata duk suna hannunsa.

Maman Sadik:
Kalmomin da maigidana ya riƙa faɗa mini ke nan, har ranar da muka tarar da kwado a ƙofar garejin.

Alhaji Tsohon Bakanike:
Garejin da ke gyaran motocin haɗari dabam, na farfaɗo da tsofaffin motoci dabam, kuma taka za ta ci gaba da zama a kusurwa muddin akwai aikin inshora. Ka tuntuɓi reshen ƙungiyar GTO Association of America da ke kusa da kai, su suka san masu aikin da ke yankinku, su ma suka fi kowa sanin inda ake samun ƙarfen asali da aka yanko daga motocin Arizona, inda a mafi yawan wurare ba a zuba gishirin narkar da ƙanƙara a titi. Har yanzu kuma ba ka turo mana lambar ba.

Baban Khadija:
Lambar tana jikin motar, motar kuwa tana garejin, kuma mai garejin ya ce in bari sai bayan hutun ƙarshen shekara kafin in zo. Tambayata yanzu ita ce, idan na ba shi ƙarin dala 2,000 da ya nema, amma a wannan karon muka rubuta, akwai wanda ya san yadda ake tsara irin wannan takarda? Kuma shin in mayar da ƙarfen gefen nan ne, ko in bari ya yanka shi?