Neman shawara: me dillalin adabi yake dubawa kafin ya karɓi littafin labari?

Mai tambaya, daga unguwar Bagalam

Assalamu alaikum iyaye da malamai da 'yan uwa marubuta. Ni malamar makaranta ce a nan Maradi, kuma shekara huɗu ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari da na rubuta da Hausa, wanda Allah ya nufa na kammala kafin azumin bana. Na gina shi a kan ambaliyar da Gulbin Maradi ya yi a 1945, wadda ta sa aka tashi gari daga fadama aka mayar da shi tudu, kuma yana bin rayuwar 'yar wani mai awon gyaɗa da aka ɗaura wa aure ana tsakiyar wannan tashin hankali. Akwai tarihi a ciki, akwai soyayya, akwai kuma kakarta wadda 'yar bori ce. Da na ƙirga a kwamfuta, kalmomin sun kai 160,000.

Wani ɗan uwana da ke karatu a Faransa ya ce mini manyan kamfanonin buga littattafai na Turai da Amurka ba su cika karɓar rubutu daga hannun marubuci ba, sai ta hannun dillalin adabi. Na rubuta wa mutum uku da na samu a intanet. Biyu ba su tanka ba har yau wata biyu, na uku kuwa ya amsa washegari, ya yabi littafin matuƙa, sannan ya ce in aika masa jika 120 kuɗin karanta littafin kafin ya kai shi gaba. Ina roƙon waɗanda suka san wannan harka su faɗa mini: shin in biya? Kuma mene ne ainihin abin da dillali yake nema a littafi, tun da nawa ya haɗa nau'i har uku?

Amsa daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin maɗaba'a

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a wannan aiki. Kada ki aika masa ko dala. Ki tuna yadda ake yi a kara ranar kasuwa: dillali yana karɓar akalar sa, ya zagaya da shi, ya yi ta ja-in-ja da masu saye, amma ba ya taɓa la'ada sai mai dabba ya ce ya sallama an ƙirga kuɗi. Dillalin adabi ma haka yake. La'adarsa da aka saba ita ce kashi 15 cikin 100 na abin da kamfani ya biya marubuci, tun daga kafin alƙalami har kason ciniki, sai kashi 20 idan ya sayar da haƙƙin fassara zuwa wata ƙasa. Ƙungiyoyin dillalan adabi na Amurka da Ingila sun hana mambobinsu karɓar kuɗin karatu, domin wanda yake ci daga aljihun marubuci ba shi da wani dalili na wahalar da kansa wajen neman mai saye.

Abin da ya fi ba ni shakka shi ne saurin amsarsa. Na yi shekaru ina gyaran shafuka, na san littafi mai kalmomi 160,000 ba ya karantuwa a dare ɗaya, balle kuma da Hausa kika rubuta shi. Ki tambaye shi sunayen littattafai uku da ya sayar, da kamfanonin da suka saya, da shekarun. Mai sana'ar gaskiya zai lissafa miki su cikin alfahari, har ma za ki tarar marubutan sun gode masa a shafin godiya na littattafansu. Shirun waɗancan biyun kuwa kada ya dame ki, da yawansu sukan rubuta tun farko cewa idan wata uku ya wuce ba amsa, to ba su karɓa ba ke nan.

Amsa daga wata mai aikin fassara, 'yar Maradi mazauniyar Yamai

Ƙanwata, Baba ya gama magana a kan kuɗi, ni zan taɓa tambayarki ta biyu. Dillali ba alƙalin gasa ba ne. Yana karanta rubutunki ne yana tunanin wane edita ya sani da zai ɗauki wannan, kuma da wace jimla zai tallata masa shi idan sun haɗu a baje kolin littattafai na Frankfurt a watan Oktoba, ko na Landan. Don haka abin da yake fara nema shi ne littafin da aka gama, aka sake rubutawa, aka ba wasu suka karanta. Sabon marubucin ƙagaggen labari ba ya sayar da alkawari, sai kammalallen aiki.

Yawanci abu uku ake aikawa: wasiƙar gabatarwa ta shafi ɗaya, taƙaitaccen bayanin labarin daga farko har ƙarshe a shafi ɗaya ko biyu, da babi uku na farko ko shafuka kamar 50, gwargwadon abin da shi dillalin ya rubuta a ƙa'idojinsa. A wasiƙar yana son ya ga wace ce tauraruwar, me take so, me ya tare mata hanya, kuma me za ta rasa idan ta gaza. Ke kin ce mana an ɗaura wa yarinya aure ana cikin ambaliya, amma ba ki ce mana abin da ita take so ba, kuma wannan ne gurbin da zai fara gani. A taƙaitaccen bayanin kuwa dole ki faɗi yadda labarin ya ƙare. Marubutanmu da yawa sukan ɓoye ƙarshen su ce sai an karanta, alhali shi yana son ya tabbatar ne cewa ginin bai rushe a tsakiya ba.

Shafukan farko su ne komai. Na taɓa fassara wa wata 'yar uwa babinta na ɗaya, sai na tarar shafi bakwai sun tafi a kan asalin gidansu da sunayen kakanni da kwatancen kyan yarinyar daga gashi har yatsu, ba wanda ya motsa sai a shafi na takwas, inda uwar ta tsinci wasiƙa a ƙarƙashin tabarma. Na ce mata littafinta daga nan ya fara. Mai karanta ɗaruruwan wasiƙu a wata ba zai kai shafi na takwas ba. Yana neman murya, wato ya ji cewa wannan mai ba da labari tana da bakinta na kanta, kuma yana neman wata damuwa da za ta sa ya juya shafi.

Batun nau'i kuma, kowane yana da alkawarin da ya yi wa mai karatu. Abin da kasuwar Ingilishi ke kira littafin soyayya sharaɗinsa biyu ne: soyayyar ce ƙashin bayan labari, kuma masoyan su dace a ƙarshe, idan yarinyarki ta mutu ko ta rabu da wanda take so, to kada ki sa masa wannan suna. A labarin bincike ana son laifin ya auku da wuri, kuma a baza wa mai karatu alamomi da gaskiya, kada a ɗauko mai laifi daga sama a babin ƙarshe. A labarin almara mai aljanu da tsafi ana duba ko duniyar tana da dokoki da marubucin kansa yake bi. A na matasa ana son tauraro ɗan shekara 14 zuwa 18 mai magana da bakin matashi, ba dattijo mai wa'azi sanye da rigar yaro ba. A na tarihi, wanda nake ganin nan naki ya dosa, ana son mai karatu ya ji ƙamshin zamanin ba tare da an karanta masa darasi ba. Ki zaɓi suna ɗaya ki kira littafinki da shi, sauran su zama kayan miya.

Tsawon ma matsala ne. Littafin farko na manya galibi yana tsakanin kalmomi 70,000 da 100,000, na almara ana ɗaga masa ƙafa zuwa 120,000, na matasa kuwa 50,000 zuwa 80,000. Dalilin ba wani ba ne illa kuɗin takarda da na gyara, ga na fassara da ake biya bisa yawan kalmomi. Wasu da sun ga 160,000 a layin farko sun rufe wasiƙar.

Amsa daga wani malamin jami'a a Maradi

Malama, duk abin da Hajiya mai fassara ta faɗa daidai ne, sai dai ina ganin an tsallake babban dutsen. Da wane harshe dillalin zai karanta? Dillalan Landan da New York da Ingilishi suke aiki, kuma wannan tsari na bi ta hannun dillali nasu ne tun asali. A Faransa al'ada ta daɗe marubuci yana aika rubutunsa kai tsaye ga kamfani, ko da yake dillalai sun ƙaru a shekarun nan. Présence Africaine, da Alioune Diop ya kafa mujallarta a 1947 kafin ta fara buga littattafai a 1949, da L'Harmattan da ta buga wa Abdoulaye Mamani littafinsa na Sarauniya a 1980, duk ana isa gare su ba tare da ɗan tsakiya ba. Sai dai ki karanta yarjejeniya da kyau, domin akwai gidajen da ke sa marubuci ya sayi kwafe da yawa na littafinsa da kuɗinsa, wasu kuma ba sa biyan kaso a kan kwafen farko.

Ki kuma lura da hanyar da littafin Hausa ya taɓa bi ya fita waje. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fara samun masu karatu a gida da Hausa, daga baya Aliyu Kamal ya mayar da shi Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga shi a 2012. Ra'ayina shi ne ki fara neman a buga naki da Hausa, ko a Yamai wajen irin su Gashingo da ke buga littattafai cikin harsunan ƙasa, ko a Kano da Zariya, sannan ki sa a fassara miki shafi 30 zuwa 50 fassara mai kyau, ki tafi da su wurin dillali ko kamfani irin Cassava Republic da aka kafa a Abuja a 2006. Kada ki yarda da fassarar na'ura a wannan mataki, domin muryar da Hajiya ta ambata ita ce abu na farko da na'ura take kashewa.

Amsa daga wani ɗalibi marubuci

Anti, tambaya ɗaya gare ni: kin taɓa sakin littafin a WhatsApp ko Wattpad, dandalin sakin labarai a intanet, kamar yadda yawancinmu muke yi? Idan kin saki, ki faɗa a wasiƙarki, domin kamfanoni suna son su zama su ne na farko da suka fitar da shi, kuma ɓoyewa ta fi sakin muni idan aka gano daga baya. Kuma an yarda ki rubuta wa dillalai da yawa lokaci guda, amma gara ki fara da biyar ko shida, ki kira kowane da sunansa, ki faɗi dalilin da ya sa shi kika zaɓa. Idan duk suka yi shiru sai ki gyara wasiƙar kafin ki aika wa sauran.

Hajiya mai fassara ta ƙara da cewa

Malam yana da gaskiya a kan harshe, amma ko da Hausa za a fara buga shi, ban yarda a jinkirta rage tsawon littafin ba, domin maɗaba'ar gida ma takarda take saye. Game da kakar nan 'yar bori, ƙanwata, kada wani ya ruɗe ki ya ce ki kira littafin almara don a fi saye. Idan mutanen labarin sun yi imani da iskoki kamar yadda mutanen wancan zamani suka yi, wannan tarihi ne. Sai idan iskokin da kansu suke juya al'amura a gaban mai karatu, sannan ne nau'in ya canza. Dillalai kuma sukan so ki ambaci littattafai biyu da suka fito cikin 'yan shekarun nan masu kama da naki, don su san kantar da za a jera shi.

Mai tambaya ta dawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na aika wa mutumin tambayar da ka ce, ya amsa cewa sunayen littattafan sirri ne, kuma ya rage mini kuɗin zuwa jika 80 idan na biya kafin Juma'a, don haka na rufe wannan babi. Ƙanena, babi biyar na taɓa sakawa a wani rukunin WhatsApp na malamai mata, kuma zan faɗa. Na sake duba babin farko a daren jiya, na ga ruwa bai shiga gari ba sai a shafi na 23, bayan dogon bayani a kan kasuwar gyaɗa da nake ji da shi ƙwarai. Hajiya, idan na mayar da daren ambaliyar ya zama shafin farko, ina roƙon ki duba mini shafuka goma kafin in nemi mai fassara, kuma Malam, ina son ka taimaka mini da sunan wanda ya iya Hausar Maradi da Faransanci duka biyun.