Neman shawara: in shiga bitar ƙungiyar masu ɗinkin bargon ƙyallaye, ko in ci gaba da koyo ni kaɗai?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema, don abin nan ya daɗe yana cin raina.

Wata 8 ke nan da na fara koyon ɗinkin bargon ƙyallaye, irin wanda ake yayyanka yadi ƙanana a harhaɗa su har su fitar da zane, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, sannan a bi da ɗinki su zama abu guda. Wasu na ce masa kwilt. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, bidiyo nake kallo a waya. Abin da ya ja ni ciki kuwa tufafin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. So nake in yi bargo da su, amma na yi wa kaina alkawari ba zan sa musu almakashi ba sai hannuna ya goge.

To har yau bai goge ba. Gida mai ɗaki tara nake ta yi, wato ƙananan ƙyallaye murabba'i tara da ake haɗawa, uku a jere sau uku. Ina yanka kowane ɗaki inci 4 da rabi, ya kamata gidan ya fito inci 12 da rabi. Na ɗinka guda 20, da na auna, ba biyu da suka zo daidai da juna. Kusurwoyin ba sa haɗuwa, wani gefen kuma ya yi tumbi. Jiya na farke layi ɗaya har sau uku, sai da bakin yadin ya fara zarewa, na tashi na kashe keken.

Yanzu na samu ƙungiyar masu wannan sana'a, suna da bita iri biyu, ni kuma ƙarfina ɗaya zai ɗauka. Ta farko ta masu farawa ce, sau ɗaya a mako har mako 6. Ta biyu yini guda ce, wata baƙuwar malama za ta koyar da yadda ake zana furanni da ganye a kan bargo da keke, kana juya yadin da hannu yadda ka so. Zuciyata na kan ta biyun. Ta farkon ina jin kamar komawa baya ne bayan wata 8. Ga kuma kunya, kekena tsoho ne, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Wacce zan ɗauka? Ko dai in haƙura da duka in ƙara dagewa a gida?

Wata Hajiya mai koyar da ɗinkin:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa ta huta.

Ki ɗauki ta masu farawa, ba ni da shakka ko kaɗan. Bari in gaya miki dalili.

Bidiyo yana nuna miki hannun wata, amma shi ba ya ganin naki. Abin da ke ɓata miki aiki yana faruwa ne a tsakanin yatsunki da allura, inda ke ba kya lura, don kin saba da shi. Wadda ta ƙware, in ta tsaya a bayanki minti biyu, za ta gano shi. Na sha gani. Akwai wata ɗalibata da ta yi fiye da shekara tana fama da irin matsalarki. Da na tsaya a kanta sai na ga duk lokacin da ta zo ƙarshen layi, tana ɗaga ido ta nemi ƙyallen da za ta ɗauka na gaba, yatsanta na hagu ya saki yadin, ɗinkin ya karkace a incin ƙarshe. Shi ke nan laifin. Hannu na ɗora a kan nata na ce kada ki saki sai allura ta fita. Ranar gidanta ya fito daidai.

Ke kuma ina zargin rarar da kike bari a bakin ɗinki. A wannan sana'a kwatan inci ake bari, wajen milimita 6, kuma duk lissafin zanen a kansa aka gina shi. Ki duba yadda ƙaramin kuskure ke haihuwa: in kin ƙara kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da ido da ƙyar yake kamawa, kowane ɗinki zai cinye miki kashi ɗaya cikin 8, tunda ƙyalle biyu yake ci. Gidanki na da ɗinki biyu a kwance, kin ga kwatan inci ya tafi. Ki jera gida 6, ɗinki 17 ke nan, 12 a cikin gidajen, 5 a tsakaninsu, bargo ya rage da fiye da inci 2. In kuma yau kin ƙara gobe kin rage, sai ki samu abin da kika samu.

Ga gwajin da za ki yi yau. Ki yanka tsiri uku, kowanne faɗin inci 1 da rabi. Ki haɗa su gefe da gefe, ki danna da dutsen guga. Na tsakiya dole ya auna inci 1 cif, dukansu kuma inci 3 da rabi. In bai kai ba, rarar ta yi yawa. Ki yi ta gyarawa har ya fito, sannan ki liƙa tef a kan farantin keken daidai inda bakin yadin yake bi.

Maganar tumbi kuwa, guga ce. Mu ba ma jan dutse a kan yadi kamar ana gugar riga. Ɗorawa ake yi, a danna, a ɗaga. Ja yana miƙar da ƙyalle, musamman wanda aka yanka a karkace. Kuma ki kwantar da rarar layin farko dama, ta biyu hagu, ta uku dama. In kin zo haɗa su za ki ji da yatsanki sun shige cikin juna, kusurwa ta zauna da kanta.

Bitar furanni za ta sake zuwa. Ado ne da ake yi wa bargon da ya riga ya kwanta sumul. In fuskar bargon ta yi tumbi, allura za ta yi ta tattara shi tana naɗewa, ki fito da ɓacin rai.

Wata 'yar ƙungiya:

Hajiya ta yi gaskiya kan zaɓin bita, amma Hajiya a yi mini afuwa, ina so in ɗan sassauta wa 'yar uwata kan maganar awo, don na ga ta fara tsanar aikinta.

Ba duk bargo mai kyau ne kusurwoyinsa suka haɗu ba. Ki nemi hotunan aikin matan Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka. Mata ne baƙar fata da suka yi ta ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona, wandunan jins da suka koɗe, da duk abin da hannu ya kai. Layukansu a karkace, wani ɗaki ya fi wani. A 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston a Amurka, daga nan aka kai su New York, a 2006 har kan tamburan gidan waya na Amurka aka buga su. A yankin Bengal, wato Bangladesh da gabashin Indiya, tsofaffin sari, wato zannuwan matan can, ake jerawa a bi su da ɗinkin hannu mai sauƙi, shi ne kantha. A Japan akwai sashiko, farin zare a kan yadin shuni. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Na kawo wannan ne saboda tufafin mahaifiyarki. Tsohon yadi da aka sha wankewa ba ya bin rula kamar sabo. Wani ya yi laushi, wani yana miƙewa, wani ya yi sirara a gwiwar hannu. In kika ce sai ya fito kamar na bidiyo, za ki wahala. Ki koyi awon, don ki zama ke ke zaɓen inda za ki karkace. Amma ranar da kika je, ki ɗauki riga ɗaya cikin kayan ki nuna wa tsofaffin ƙungiyar. Akwai wani siririn yadi da ake manna wa bayan ƙyalle da dutsen guga don ya tsaya, su za su taɓa su gaya miki ko ana buƙatarsa.

Gidajenki 20 kuma kada ki zubar. Ki nemo mafi ƙanƙanta a cikinsu, ki datse sauran su zo daidai da shi, ki raba tsakaninsu da tsirin yadi mai launi ɗaya. Ba wanda zai lura da kusurwa.

Wani tela:

Malama, ni ba bargo nake yi ba, amma keke na sani. Tsohon keke mai miƙaƙƙen ɗinki shi ne daidai wannan aikin, haɗa ƙyalle ba ya son komai sai miƙaƙƙen layi. Kada ki ji kunyarsa.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin bita ki cire farantin, ki share ƙurar auduga da ta taru a haƙoran da ke jan yadi, ki ɗiga mai inda ya dace, ki sa sabuwar allura lamba 80/12. Tsawon ɗinki ki bar shi tsakanin milimita 2 da 2 da rabi. Zaren sama da na ƙasa su zama iri ɗaya. Ki naɗe bobin uku ko huɗu tun daga gida. In kin zo haɗa falle ukun, wato fuskar bargo da auduga da yadin baya, ki tambaya ko kekenki zai karɓi ƙafar nan mai haƙora da ke jan yadin sama tare da na ƙasa, ita ke hana baya tattarewa.

Wata da ta taɓa shiga bita:

Ni jan kunne zan yi, don ba kowace bita ce ke da amfani ba. Ta farko da na shiga mun fi 25 a ɗaki, malama ɗaya. Tana nunawa a gaba da sauri, mu na baya ko allurar ba ma hangowa. Har aka tashi ba ta zo teburina ba. Na koma gida da rabin gida ɗaya da ciwon kai, na yi wata uku ban taɓa keke ba.

Saboda haka kafin ki ba da sunanki ki tambaya: mutum nawa ne a aji, kuma akwai masu taimaka wa malamar? Me ake sa ran kowa ya gama a mako na 6? Bitar kirki ta masu farawa takan kai mutum har ƙarshe, daga yanka, haɗawa, shimfiɗa falle uku a riƙe su da fil mai makulli, tazarar dunƙulen hannu tsakanin fil da fil, zuwa naɗe baki. Wadda ta tsaya a fuskar bargo kawai ta bar ki a rabin hanya. Ki karɓi takardar kayan aiki da wuri, ki kuma tambaya ko suna ba da aron wuƙar yanka da faifanta da rula, ƙungiyoyi da yawa suna yi.

Wuƙar nan mai kamar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ita ta sauƙaƙa wa mutane yanka, amma kaifinta na reza ne. A gabana wata ta yanke gefen yatsa don ta bar shi ya leƙo bakin rula. Ana tura ta ne gaba, nesa da jiki, a rufe ta duk lokacin da aka ajiye. Wannan ma dalili ne na fara riƙe ta a gaban wadda ta iya.

Yawancin ƙungiyoyi suna barin baƙo ya zauna a taronsu na wata kafin ya shiga. Ki je ki gani. Ki lura da lokacin da kowa ke ɗaga aikinsa yana nunawa: in sabuwa ta ɗaga nata mai karkace, ya fuskokinsu suke? Daga nan za ki san ko wurin zama ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na yi gwajin tsiri ukun. Na tsakiya bai kai inci 1 ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin 8. Ashe bakin ƙafar kekena nake bi, ita kuma ta fi kwatan inci faɗi. Na liƙa tef, a gwaji na huɗu ya fito cif. Na daɗe zaune ina kallonsa.

Na kira ƙungiyar. Mutum 10 ne a aji, malama da mataimakiya ɗaya, kuma ƙaramin bargon jariri ake gamawa har naɗin baki. Na ba da sunana. Tambaya ɗaya ta rage: sun ce a zo da yadin auduga launi uku. In wanke shi kafin in je, ko in kai shi yadda yake?

Hajiya mai koyar da ɗinkin:

Madalla 'yata, kin faranta mini rai.

A kan wanki masu sana'ar sun rabu biyu. Wasu ba sa wankewa, don sabon yadi ya fi tsayawa a ƙarƙashin rula. Wasu suna wankewa, don auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, mai duhu kuma yakan zubar da launi, ja da shuɗi sun fi yi. Ki fara tambayar malamarki, aji nata ne. In ta bar miki zaɓi, ki yanki ɗan guntu daga mai duhun, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi, ki matse a cikin farin ƙyalle. In ya bar launi, ki wanke duka ukun, kowanne daban, ki goge da ɗan sitati. Kada dai ki wanke ɗaya ki bar biyu.

Launi ukun kuma ki tabbata akwai mai haske, mai duhu, da na tsakiya. In kina shakka, ki ɗauke su hoto da waya ki mayar da shi fari da baƙi. In biyu suka zama toka iri ɗaya, ki canja ɗaya.

Rigar mahaifiyarki ki tafi da ita a mako na uku ko na huɗu, lokacin da kuka saba da juna. Ki naɗe ta cikin farin yadi, kuma kada ki bari kowa ya yanka, ko don gwaji.