Tun da na fara shan maganin hawan jini rana take ƙona ni, ko wani ya taɓa ganin haka?

Maigini:
Assalamu alaikum jama'a. Ni magini ne, shekarata 47, kuma tun ina saurayi a rana nake wuni. Ban taɓa sanin tana yi wa fatar baƙin mutum wani abu ba in ban da zufa. Wata huɗu da suka wuce aka auna ni a asibiti aka ce ina da hawan jini, aka ɗora ni a kan wata ƙwaya guda kullum da safe. A jikin kwalin an rubuta amiloride da hydrochlorothiazide. Jinin ya sauka, alhamdu lillahi.

Shigowar bazara, muna aiki a saman wani bene, sai na fara jin raɗaɗi a goshi da ƙeya da bayan hannuwa kamar an goga min barkono. Da dare ƙaiƙayi ya hana ni barci. Yanzu wuraren sun yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kaushi tana saɓa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne inda nake ɗaura agogo lafiya lau yake, inda hula ta rufe ma haka. Akwai layi a goshina kamar da igiya aka ja shi.

Abokan aiki sun ce siminti ne, amma shekara 25 ina kwaɓa siminti, kuma me zai kai shi ƙeyata? Goggona ta ce sammu ne. Uwargida ta sayo min wani man shafawa a kasuwa, ya kwantar da ƙaiƙayin kwana biyu ya dawo. Ina kuma shan piroxicam daga kemis idan baya ya matsa min. Gaskiya zuciyata na raya min in ajiye maganin hawan jinin in gani. Me kuke gani?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lafiya. 'Yata ta sha doxycycline saboda kurajen fuska, ranar da suka wuni a filin makaranta ta dawo hancinta da kumatunta sun yi jawur suna zafi, amma duk inda hijabi ya rufe babu komai. Likita ya ce maganin ne da rana. Don Allah ka duba kwalin man da uwargidanka ta sayo maka. In ka ga clobetasol a jiki ka dakata da shi sai likita ya gani. Shi ne a cikin mayukan bilicin da yawa, kuma in aka daɗe ana shafa shi fata takan yi siriri har jijiyoyi su fito.

Mai Haɗa Magani:
Yaya, kafin komai, kada ka ajiye maganin hawan jini da kanka. Jini yakan hau shiru babu wata alama, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi ƙaiƙayi nauyi nesa ba kusa ba. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka shi cikin satin nan.

Ba zan yanke hukunci ban gan ka ba, amma batun agogo da hular nan babbar shaida ce. Akwai magungunan da idan suka shiga jini suka isa fata sukan tsotsi hasken rana, sai su lalata ƙwayoyin fatar wurin. Shi ya sa ciwon yake tsayawa daidai bakin tufafi. Ka duba madubi, ina kyautata zaton ƙarƙashin haɓarka da bayan kunnuwanka lafiya suke, domin a inuwa suke wuni. Siminti kuwa yatsu da tafin hannu da ƙafafu ya fi ci. A farar fata abin yakan fito ja, mu kuma ja ba ya bayyana sosai, sai dai raɗaɗi sannan baƙin tabo, wanda yakan ɗauki watanni kafin ya washe ko an cire sanadin.

Hydrochlorothiazide sananne ne da wannan, amma piroxicam ma haka yake, saboda haka magani biyu ake tuhuma a jikinka. Wannan na biyun ka bar shi tun yau. Ban da fata, irinsa yana ɗaga hawan jini, yana wahalar da ƙoda, yana jawo gyambon ciki. Ka zuba duk abin da kake sha ko shafawa a leda, har na gargajiya, ka kai wa likita. Magungunan hawan jini suna da yawa, yana iya sauya maka.

Kafin nan ka nemi malafa mai faɗi, hular kanti ba ta rufe ƙeya. Riga mai dogon hannu, mai kaurin saƙa. In da hali ka karɓi aikin cikin ɗaki daga ƙarfe 10 zuwa 4. Man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama, wanda aka rubuta yana tare UVA, domin wannan nau'in hasken ne ya fi tayar da irin matsalar nan, kuma yana ratsa gilashin taga da gajimare. Zufa tana wanke man, sai an riƙa sake shafawa duk bayan awa 2.

In ka ga bororo, ko gyambo a baki ko ido, ko zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, ka tafi asibiti a ranar.

Baban Sadiƙ:
Malam mai magani, mahaifiyata ta shekara shida a kan wannan ƙwayar ta hawan jini. Na ji an ce tana kawo sankarar fata, hankalina ya tashi.

Mai Haɗa Magani:
Maganar tana da tushe. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Turai ta yi gargaɗi, bayan bincike a ƙasar Denmak ya nuna waɗanda suka daɗe suna shan hydrochlorothiazide sun fi kamuwa da wasu nau'o'in sankarar fata. Sai dai mutanen can fararen fata ne, baƙar fata tana da kariyar da tasu ba ta da ita. Wanda nake ji wa tsoro a cikinmu shi ne zabiya, shi kam lallai ya gaya wa likita a duba ko za a ba shi wani. Mama ta ci gaba da maganinta. In wani ƙurji ko miki ya ƙi warkewa sama da wata guda, a kai ta a duba.

Maigini:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba madubi, wallahi ƙarƙashin haɓata fes yake. Man uwargida kuma akwai clobetasol ɗin a jiki. Jiya na je asibiti da ledata, likita ya sauya min zuwa amlodipine, ya ce in dawo bayan sati biyu a sake auna jinin, kuma in lura ko ƙafafuna za su kumbura. Na sayi malafa, na kuma roƙi mai aikin ya bar min shafen ɗakunan ƙasa zuwa ƙarshen wata, ya yarda.