Marsandin Baba ta daɗe a ajiye, ta ina zan fara?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai Marsandi 280SE ƙirar 1982 ta marigayi mahaifinmu, wadda ake kira W126. Ta fi shekara goma a rufe a garejin gida. Lafiyarta ƙalau aka ajiye ta, tsufa ne ya hana shi tuƙi. An yi rabon gado ta faɗo a kasona. Na sayo sabon batir, gobe nake so in tayar da ita. Me zan duba kafin nan?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji. Ɗana, ajiye batirin nan tukuna, kada ka kuskura ka murɗa makulli. Baƙin man da ke cikin injin ya sauka ƙasa tuntuni, silinda a bushe take, wataƙila ma ringi ya kama da tsatsa. Idan sitata ta fizgi fistin da ya maƙale, ko ringi ya karye ko ya kankare bangon silinda, ka ga ka jawo wa kanka sauke inji. Cire fulogi shidan nan, ka ɗiga man giyar otomatik kaɗan a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu. Buɗe murfin saman inji ka kwarara sabon mai a kan kamshaf, guda biyu ne a wannan injin na M110. Sannan ka sa soket mai lamba 27 a notin fulin gaba, ka juya da hannu yadda agogo ke tafiya. Ban da juyawa baya, kacar taimin na iya tsallake haƙori. Idan ya zagaya sau biyu ba ka ji ya cije ba, to mun gode Allah.

Baban Khalifa: Amin Baba, na gode. Da na tafka ɓarna ke nan.

Injiniya Kaduna: Na ƙara da cewa babban aikinka yana wajen fetur. Wannan ba ta kafireto ba ce, tsarin injakta gare ta, wato K-Jetronic na kamfanin Bosch. A tsakiyarsa akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke hawa da sauka yana raba mai ga nozul shida, kuma a matse yake sosai. Fetur ɗin da ya shekara goma ya zama danƙo ja mai warin fenti. Da ka kunna, famfo zai kwaso wannan dattin ya cusa shi can, shi ke nan. A zubar da na tanki kaf, a wanke tankin, a canza rariyar ƙasansa, da filta, da duk tiyon roba. Famfon man yana ƙarƙashin mota ta baya, galibi za ka same shi ya daskare.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ni fa shawarata ta bambanta, Injiniya. Ya cire injakta ɗin nan ya sa kafireto ya huta. Ai akwai 280S, injin ɗaya ne da kafireto ya zo. Duk garejin da ya shiga za a gyara masa. Masu gane K-Jetronic yanzu nawa suka rage?

Injiniya Kaduna: Sun rage kaɗan, amma suna nan. Wanda zai yi jigilar Kano zuwa Zariya kullum sai ya bi taka. Wannan motar tarihi ce, darajarta tana cikin kasancewarta yadda ta fito daga Jamus. Kuma juyin ba ƙaramin aiki ba ne, sai an canza manifol, an rage ƙarfin famfo, don na injakta ya fi ƙarfin kafireto nesa ba kusa ba. Ga ma'auni, Baban Khalifa: duk bakaniken da ya ce ya iya, tambaye shi ko yana da agogon auna ƙarfin mai. Idan ya ce da kunne yake ganewa, yi masa godiya ka tafi.

Tsohon Bakanike: Ina bayan Injiniya. Akwai ƙaramin noti na daidaita mai da iska, yaran yanzu suna ganinsa sai su hau murɗawa. Kada ka bari kowa ya taɓa shi kafin a tsabtace komai.

Ɗan Ƙofar Ruwa: To shi ke nan, na ji. Amma maganar kaya ku bar mini. Ƙarfe da fitilu da gilashi, ɗan Beljiyam ya wadatar, a Ƙofar Ruwa ko Panteka, in an rasa a aika Ladipo a Legas. Roba kuwa sabuwa kawai: fambel, tiyon lagireto, kujerun inji, da faifan robar da ke haɗa giya da furofela. Tsohuwar roba ta gwanjo sa'ar wadda za ka cire ce. Kuma ka je da lambar shasi da tsohon kayan a hannu, kada a sayar maka da na V-boot, wato Marsandi W124.

Maman Ummi: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanike ba ce, amma mun taɓa fito da motar kawunmu haka. Kafin komai a buɗe gidan filtar iska. Mu sheƙar ɓeraye muka tarar, da tsummoki da ɓawon gyaɗa fal, zanzaro kuma ya yi gini a bakin salansa. A sa takunkumi wajen sharar kashin ɓeran, a yayyafa ruwa tukuna don kada ya tashi. A ɗaga kafet a duba ƙasan. Kujeru idan na fata ne kada a fito da su rana, a goge da ɗanyen tsumma a shafa man fata a hankali, in ba haka ba tsagewa za su yi.

Mai Wayarin: Hajiya ta taɓo inda nake. Inda ɓera ya kwana, waya ta ji jiki. A bi wayoyin da ido kafin a haɗa batir, kuma ranar haɗawa a ajiye abin kashe gobara kusa. Fiyus ɗinta irin na da ne, dogaye masu tsini biyu. Kana ganinsu lafiya amma bakinsu ya yi fari, wuta ba ta wucewa. A canza su duka da masu jan ƙarfe, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Idan ƙofofi suka ƙi kulluwa tare, ba lallai waya ba ce, iska ke aikin, sai a nemi inda take zurarewa.

Ɗan Damagaram: Ba wanda ya yi maganar birki! Tashi ba shi ne ba, tsayawa fa? Man birki yana shan danshi, kalifa na kamawa, tiyon birki na kumbura ta ciki. A canza tiyo huɗun, a zuba sabon man birki DOT 4. Tayoyi ko da zanensu bai goge ba a zubar. Duba lambobin ƙarshe a gefen taya: huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Fenti fa? Ya dusashe, ina so ta yi kyau kafin Sallah.

Tsohon Bakanike: Fenti shi ne ƙarshe, ɗana, kuma wataƙila foli kawai take so. Ruwan lagireto, man giya da na aksul duk suna gabansa. Idan za ka kai ta gareji, a ɗora ta a bayan janwe, kada a ja ta da igiya, musamman idan giyar otomatik ce, kuma ba ka da tabbacin birki. Cire fulogin yau, ka jera su bisa tsarin silinda ka turo mana hoto, launinsu zai faɗa mana halin da injin yake ciki lokacin da aka kashe shi.

Baban Khalifa: In sha Allahu bayan la'asar zan turo.