Taƙaitawa: kalorin da agogon motsa jiki ke nunawa

Ƴan uwa masu gudun asuba a filin Seyni Kountché na Yamai, ga abin da na tattara daga tattaunawarmu kan ko za a iya dogara da kalorin (ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona) da agogon motsa jiki ke nunawa:

1. An yarda agogo na kama bugun zuciya daidai gwargwado, amma kalori kirdado ne daga bugun, nauyi da shekaru. Wani ya tuno binciken jami'ar Stanford na 2017: cikin agogo 7, mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27 cikin ɗari wajen lissafin kalori.
2. Zafin Afrilu na hanzarta zuciya, sai lissafin ya kumbura. Wannan ya dame ni ƙwarai, don wasunmu na ƙara kwanon dambu saboda shi.
3. An rabu kan baƙar fata: wasu sun ce koren hasken da agogon ke auna bugun zuciya da shi ba ya karanta ta sosai, wasu suka ce sakin maɗauri ne.
4. Wajen ɗaga ƙarfe, kowa ya ce kada a dogara da lissafin agogon.